Ranar Da Na Shanya Rediyon Kakana

Duk ranar da ɗalibaina suka narka dalma a ɗakin gwaje-gwaje, ƙaurin nan yakan mayar da ni gidanmu na Azare, shekarar da na shiga ajin kimiyya a babbar sakandare. Bari in ba ku labarin ɓarnar da na yi a bazarar shekarar.

Kakana na wajen uba mutumin Katagum ne. Da idanunsa suka mutu sai mahaifina ya ɗauko shi ya dawo wurinmu. Bai zo da wani kaya ba sai buzunsa da butarsa da wani tsohon rediyo da ya sayo a aikin hajji tun ba a haife ni ba. Murfin bayansa ya karye, an ɗaure shi da robar tayar keke. Rediyon nan shi ne idonsa. Da shi yake sanin lokaci, da shi yake jin duniya, har gardama yake yi da masu karanta labarai. Ni kuwa amaryarsa yake ce mini, kullum yana ƙorafin wai ban iya dama kunu ba.

A garinmu idan batir ya yi sanyi ba a yar da shi, a rana ake shanya shi ya ƙara ƙarfi. Wata ranar hutu, ana zafin nan na Azare da ke hana kaza yawo, ya miƙo mini rediyon ya ce in cire batiran in shanya. Na duba ƙullin robar nan, ƙyuya ta kama ni. Na ce a raina, ai rana ɗaya ce, ta gasa su a ciki mana. Na taka turmi na ɗora rediyon ɗungurungum a kan rufin kwanon ɗakin girki, na kuma bar shi a kunne don in riƙa jin waƙa ina wanki. Bayan azahar muryar mawaƙin ta fara shaƙewa, can sai ta ɗauke. Da na sauko da shi sai da na sa gefen zanina, don ba ya taɓuwa.

Na kai masa na ce ya ƙi yi. Ya shafa shi, ya murɗa, ya ajiye shi gefe. Kowa a gidan ya ce tsufa ne, ni ma na bi su. Mahaifina ya sayo sabo, kakana ya ce muryarsa ta yi masa ƙarfe-ƙarfe, ya tura shi ƙarƙashin gado. Ya rage magana, ya rage cin abinci, har tsokanar kunu ya daina. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Da aka koma makaranta, malamin fiziks ya fara koya mana semikondakta. Ya ce jan ƙarfe yana barin lantarki ya wuce, roba tana hana shi, amma akwai 'yan tsaka-tsaki kamar silikon da jamaniyam. Idan an zuba musu 'yar ƙwayar wani sinadari daban, sai halinsu ya sauya, kamar yadda cokali ɗaya na tsohon nono ke mayar da ƙwaryar madara kindirmo. Da su ake yin tiransisto, ɗan abu mai ƙafa uku da ke ɗaga ƙaramar murya ta cika ɗaki. Sai ya ƙara da cewa idan suka ji zafi lantarki yakan ƙara gudu a cikinsu, gudun ya ƙara zafi, zafin ya ƙara gudu, har abin ya ƙone, musamman na jamaniyam da ke cikin tsofaffin kaya. Alƙalamina ya tsaya. Ashe ba tsufa ba ne, ni ce.

Ranar Asabar na roƙi kakana tsohon rediyon, na kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa, mutumin kudu da ya daɗe a Azare har Hausarsa ta fi tawa. Babu wuta, a gawayi yake gasa ƙarfen liƙinsa. Na ce masa ya duba tiransisto na kusa da lasifika. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "'Yan mata, ke ce mai gyaran ko ni?" Ya gwada, ya yi dariya, ya ce gaskiyata. An daina yin irinsu, sai da ya tone buhun matattun rediyoyi kafin ya samu. A nan na fara jin ƙaurin dalma. Ya ba ni wanda ya ƙone, bai kai ƙwayar wake ba.

Da na kawo shi gida murya ta fito, kakana ya rungume rediyon. Na durƙusa gabansa, na sa masa ɗan abin a tafin hannu, na faɗa masa komai ina kuka. Ya juya shi da yatsa ya ce, "Amaryata, ai na sani. Ido na rasa, ba kunne ba. Ina jin sa yana waƙa a kan kwano." Na ce to me ya hana shi faɗa wa mahaifina? Ya ce, "Jira nake ki zo da kanki. Yanzu zauna ki gaya mini yadda rana ta ci shi." Na yi masa bayanin nono da madara, ya ce malaminmu tabbas jikan Fulani ne.

Yau babu mai shanya batir a unguwarmu. Kowa da wayarsa, a cikinta akwai irin ɗan abin nan da ba su ƙirguwa, ido ma ba ya ganinsu. Kakana ya rasu ina jami'a, an kai shi Katagum. Duk shekara idan na zo darasin zafi da semikondakta, nakan ciro ƙonannen tiransiston daga gwangwanin allurata in zagaya da shi aji. Yara sukan tambaye ni wane sakarai ne ya shanya rediyo a rana. Nakan ce musu ni ce, kuma mai rediyon ya yi wata guda cikin shiru yana jirana in faɗa.