Hoton da Yaya Ta Hana a Share

A asibitin da muke aiki ba mai kiran yayata da sunanta. Anti Jiya ake ce mata, tun daga babban likita har masu shara, saboda duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta magana ɗaya ke bakinsa: "Anti, don Allah maido min na jiya." Wani ya share rahoto bisa kuskure, wata ta rubuta sakamakon wannan a kan na wancan, sai su gangaro suna zare ido. Ita kuwa sai ta fara wanke su tas tukuna, sannan ta tambayi ƙarfe nawa abin ya faru, ta danna abin da za ta danna, sai ga aikinsu ya dawo yadda yake kafin su yi ɓarnar.

Ofishinta na ƙasan bene, kusa da ɗakin wanki. Ba taga, ga sanyin tsiya, ga wasu baƙaƙen akwatunan ƙarfe uku da suka fi ni tsawo suna ta gurnani. Duk abin da asibitin ya sani yana cikinsu: katin kowane mara lafiya, sakamakon jini, hoton ƙashi, maganin da aka ba kowa. Shekara goma sha ɗaya Yaya tana gadinsu cikin wata tsohuwar rigar sanyi mai ruwan toka. Ni a sama nake, ɗakin sikanin, ina shafa wa masu ciki man nan mai sanyi ina nuna musu 'ya'yansu a allo.

Tun muna yara haka take, ba ta yarda da komai ba. Jadawalin jarrabawa sau biyu take kwafewa, ɗaya a jaka ɗaya ƙarƙashin katifa. Mama ta sha cewa wannan yarinya ko numfashinta da za ta iya da ta ajiye na gobe.

Na taɓa tambayarta yadda take dawo da jiya. Ta kalle ni a kaikaice.

"Auta, kanki zai ɗauka kuwa? Mu sinafshot muke cewa, ke ki ce hoto. Duk awa na'urar tana rubuta inda kowane guntun bayani yake a daidai wannan daƙiƙar, ta ce kada a taɓa su. Ba kwafi take yi ba, shi ya sa ranar da aka ɗauki hoton ba ya cin wuri ko kaɗan. Amma duk abin da aka canza ko aka share bayan nan, tsohon ba ya tafiya, ana riƙe shi saboda hoton. Kin ga falon Mama? An sayo sabuwar kujera ta hana a fitar da tsohuwa. To haka nan. Hoto in ya kwana biyu ƙiba yake yi, har ya cinye ɗakin."

Don haka kowane hoto da wa'adinsa. Na awa-awa kwana biyu, na kullum wata guda, sai na'urar ta share su da kanta. Kwafi na gaske kuma ana tura shi wani gini kowace yamma, ya yi wata uku a can. Abokin aikinta Dogo ya taɓa mance wani hoto har sati shida, wallahi ranar ya sha faɗan da har ɗakin wanki suka ji. Maganarta kullum ita ce tsohon hoto ba ya kwana a ɗakinta, kuma abin da yake wuri ɗaya ba a ajiye yake ba.

Sai da Yaya ta shekara tara da aure sannan ta samu ciki. Ba ta yarda a tambayi suna ba, Baƙuwa kawai take cewa. "Baƙuwa ta hana ni barci." "Baƙuwa ba ta son shayi." A wata na bakwai ni na yi mata sikanin da hannuna, na ɗauki ɗan bidiyo na daƙiƙa goma sha biyu, zuciyar na bugawa ɗaki ya cika da ƙara, Yaya na dariya tana rufe baki. Bayan kwana goma sha ɗaya motsi ya tsaya. Ta yi sati shida a gida ta koma aiki, kuma daga ranar ba ta sake ambaton maganar ba, ko ga mijinta. Na san dokar asibiti: rahoto yana zama, amma bidiyo shekara biyu yake yi na'ura ta share. Da shekara biyun ta cika na yi kukana ni kaɗai a banɗaki, na ɗauka ya tafi ke nan.

Ranar wata Litinin, wajen ƙarfe tara na safe, allona ya fara nauyi. In danna, sai in ƙirga goma kafin ya amsa, ga mata sun cika benci har wasu na tsaye. Sai ga kiran Dogo. "Ki sauko yanzu," ya ce, ya kashe. Na sauka da gudu, don Dogo ba ya kiran kowa sai da doguwar gaisuwa.

Na same shi yana gumi cikin wannan sanyin. Ya nuna min lamba a allo, casa'in da bakwai.

"Mene ne wannan?"

"Cikar rumbun da ke ajiye bayanai. Tun da aka kawo sabuwar na'urar hoton kai take cinye wuri, yau kuma an kawo mutanen wani haɗarin mota. In ta kai ɗari komai ya tsaya. Ba buɗe kati, ba fitar da magani, ba sakamakon jini."

"To ku share tsofaffin mana! Ni me na sani a ciki?"

"Na share duk abin da zai sharu." Ya sauke murya. "Saura ɗaya, a kulle yake, ita kaɗai ke iya buɗewa. Watansa goma sha huɗu, kuma ya riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku na rumbun. Ki duba sunan."

Sauran hotunan duk lambobi ne da kwanan wata. Wannan kuwa an rubuta baƙuwa, da ƙananan baƙaƙe. Kwanan watan jajibirin ranar da za a share bidiyon ne. Ashe bidiyon na cikinsa.

Yaya na tsaye can tsakanin akwatunan, ta dafa ɗaya da tafin hannu. Ban san lokacin da na fara masifa ba.

"Haba Yaya! Ke da kike yi wa mutane wankin babban bargo a kan sati shida? Ki ciro bidiyon ki sa a filashi mana, a wuce wurin!"

"Ba haka ake yi ba," ta ce, ba ta juyo ba. "Sai na tayar da rumbun wancan lokacin gaba ɗaya a gefe, in shiga in nemo. Yana son wuri, yana son awa huɗu."

"Minti arba'in muke da shi," in ji Dogo. "Ko ƙasa da haka."

"Kwafin ɗaya ginin fa?"

"Wata uku, Auta. Ya tafi tuntuni."

"To wata goma sha huɗu me kike jira, don girman Allah?"

Sai ta juyo. Idonta a bushe yake, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Ba a fitar da fayil sai da takarda zuwa ga babban likita. Ni na tsara dokar. Sau uku ina fara rubutawa, in na zo wurin sunan mara lafiya sai hannuna ya ƙi. Kuma in na buɗe sai na ji, ni kuwa ba zan iya ji ba. Kullum da safe ina dubawa in ga yana nan, in ga ya ƙara girma. Wannan ya ishe ni."

Dogo ya sunkuyar da kai. A nan na ji sauran: tun watanni take rage wa'adin hotunan kowa don ta ba wannan wuri. Na wata guda ya koma sati biyu, ya koma kwana uku. Makon da ya wuce wani likita ya zo neman rahoton kwana goma, Anti Jiya ta ce masa babu, karo na farko a shekara goma sha ɗaya.

Lambar ta koma casa'in da takwas. Wayar teburin ta fara ƙara, ba wanda ya ɗauka.

"Anti," in ji Dogo, "bari in ce musu na'urar hoton kai ta samu matsala, su dakata. In share hotunan awa-awa na yau duka in samo miki wuri. Ni zan ɗauki laifin."

"Mutum nawa ke jiran hoton kan?" in ji Yaya.

Ya ce uku. Ɗaya ba ya magana tun da aka kawo shi.

Ni dai, Allah Ya yafe min, so na yi ta ce to. Na riƙe hannun rigarta ina cewa awa huɗu ce kawai, Yaya, awa huɗu. Ta zame hannuna a hankali, ta ja kujera ta zauna. Casa'in da tara. Ta cire makullin hoton, ta danna sharewa. Na'urar ba ta yarda haka nan ba, sai ta fito da wani ɗan akwati tana cewa a rubuta sunan hoton don a tabbatar.

Yatsunta sun daɗe a kan madannan. Wayar na ta ƙara, akwatunan na ta gurnani. Da yatsa ɗaya ta rubuta, baƙi bayan baƙi, leɓenta na motsi, ta danna.

Lambar ba ta motsa nan take ba. Sai da muka yi kamar minti biyu muna kallonta kafin ta koma casa'in da takwas, casa'in da biyar, ta yi ta gangarawa har saba'in da ɗaya. Yaya ta ɗauki wayar ta ce an gyara, kuma laifinta ne, za ta kawo bayani a rubuce. Ta ce wa Dogo ya maida wa'adin hotuna wata guda. Ni kuma ta ce, "Ki koma sama, mata na jiranki."

Bayan azahar ina duba wata mai cikin fari, na ƙara sauti don ta ji zuciyar ɗanta. Da na ɗago sai na ga rigar sanyi mai ruwan toka a bakin ƙofa. Shekara uku rabon Yaya da hawa wannan benen. Ta tsaya har matar ta goge cikinta ta fita, sannan ta shigo ta rufe ƙofa.

"Ke kika riƙe na'urar ranar," ta ce. "Bugu nawa ne a minti?"

"Ɗari da arba'in da shida."

"Kin tabbata?"

"Ko daga barci aka tashe ni, Yaya."

Ta maimaita lambar sau biyu a hankali. A nan ne hawayen suka zo, ba ta share ba.

"To ki riƙe min," ta ce. "Ni ma na riƙe. Yau in na koma gida zan faɗa wa babanta, ya zama wuri uku."