Garar da Aka Kai Ba Nakiya

Shekaranjiya maƙwabciyata ta manta da garin alkama a kan wuta, ƙaurin ya biyo ta taga ya same ni a kan sallaya. Wallahi sai na ga kaina a tsakar gidanmu na unguwar Sa'alaba a Jidda, ina 'yar shekara goma sha uku, ana shirin kai garar yayata.

Kai da ba ka tashi a cikinmu ba, bari in gaya maka. A lokacin, ko gidan kwano da katako kake ciki, ko mai ruwa sai ya ga dama yake biyowa da jakinsa, in ka aurar da 'ya sai ka kai gara gidan miji. Kuma gara in babu nakiya a ciki, 'yarka za ta shekara ana yi mata gori. Tsohuwa ɗaya ce ke yi wa duk unguwar nakiya, Allah ya karɓi abarsa ana saura wata ɗaya biki. Kakata kuwa da ƙuruciya aka fito da ita daga ƙasar Hausa a ƙafa, a Sudan ta girma, ta yi aure, ta haifi babanmu, sannan suka ƙetaro teku. Ta ci nakiya, amma ba ta taɓa yin ta ba, kuma ba ta ɓoye ba.

Baba ya ce a ɗaga kai garar har a sami wadda ta iya. Kaka ta ce ba a ɗagawa. Inna ce ta kawo maganar wani abin zaƙi da ta koya wurin wata maƙwabciya, mutumiyar gaɓar Khalij, can inda yanzu ake kira Imarat, wadda mijinta ke aiki a jiragen ruwa. Su suna faɗin sunan da harshe tsakanin haƙora, mu kuma muka ce basisa muka huta.

Lokacin sanyin Jidda ne, irin wanda iska ke zuwa daga teku da ɗan gishiri a cikinta. Aka zuba garin alkama a babban kasko, ba mai ba ruwa, ana juyawa a hankali har ya yi ja yana ƙamshi kamar soyayyar gyaɗa. Aka ɓare dabino aka cire ƙwallayen, aka ɗumama shi ya yi laushi. Maƙwabciyar ta zo da kanta, ta narka man shanu, ta barbaɗa hel, wannan ɗan kore mai ƙamshi da ake sa wa gahawa, ta fara murzawa da tafin hannu, a hankali, a hankali.

Kaka ta zuba mata ido har ta gaji. Sai ta tashi ta mirgino turmi.

"Kwalla shida za mu cika. Da wannan shafa-shafar sai jibi," in ji ta.

Baiwar Allah ta dafe ƙirji tana cewa la, la, ba a daka shi. Ina! Kaka ta riga ta juye. Ba ta tsaya nan ba, ta kwance ƙullin kayan yajinta ta watsa citta da kanumfari, har da masoro. Inna ta kusa kuka, ta ce an ɓata wa mutane abinsu. Maƙwabciyar ta ɗanɗana, ta yi tari, idonta ya kawo ruwa, ta yi dariya ta ce wannan kam ba nasu ba ne. Kaka ta ce dama ba ta ce nasu ba ne. Muka wuni muna daka, muna mulmulawa, muna birgima shi a cikin riɗi.

Ranar kai gara bayan la'asar muka jera da kwallaye a ka har Kurayyat, unguwar su ango. Dangin ango sun cika tsakar gida, yayata tana ɗaki bayan labule tana jin komai. A cikinsu akwai goggon ango, wadda ta zo daga Kano a jirgin sama ta zauna jiran aikin hajji. Ita aka ba girman buɗe kaya. Ta ɗaga murfi na farko, ta ɗaga na biyu, ta taɓe baki.

"Ina nakiya?"

Ta ɗauki curi ɗaya da yatsu biyu ta juya shi, ta ce ai dama an gaya mata 'yan takari sun zubar da komai, ba su ga Hausa ba su ga Larabawa, ga shi har gara da dabino ake yi. Takari, in ba ka sani ba, shi ne sunan da ake jifan mu da shi, mu da muka zauna a ƙasar nan. A makaranta 'ya'yan Larabawa su ce mini takruniyya, yau kuma ga tawa ta zo daga gida da irin tata. Kunya ta kama ni har na ji kamar in nutse, kuma har gobe ina jin haushin kaina da na ji kunyar.

Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi ta ce:

"Hajiya, ke wuni ɗaya kika yi a sama kika sauka. Ni shekara ashirin na yi a hanya, na binne uwa na binne 'ya'ya biyu. Abin da na samu a inda Allah ya ajiye ni, shi na daka a turmina. In bai yi muku ba, halas, shi ke nan. Yara, ku ɗauka. Ke kuma amarya, fito, mu tafi gida."

Ta sunkuya da kanta, tsohuwa mai ciwon baya, ta ɗora kwalla a ka. Labule ya motsa. Na rantse maka yayata ta fito da takalminta a hannu.

Uwar ango ce ta tare ƙofa. Ita ma a Sudan aka haife ta. Ta miƙa hannu saman kan Kaka, ta ɗaga murfi, ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki. Ta tauna, ta tauna, masoron ya kama ta. Sai ta ce rabonta da jin wannan yajin tun uwarta na da rai, a sauke kayan nan, ba inda za su. Kafin magariba kwalla biyu sun ƙare. Goggon ba ta ci a gabanmu ba, amma yayata ta ce da za ta koma Kano ta ƙulle nata a gefen zane. Daga shekarar, duk garar da ta fita daga layinmu da basisar turmi take fita.

Bara aka aurar da jikata a unguwar Madain Fahd. Suka ce yanzu cakulan ake kaiwa a kwali mai ƙyalli. Na ce su kai. Ni dai na sa aka daka mini tawa, na shiga mota da kwalla a cinya, na dire ta a tsakiyar falon. Na gyara zama, na shirya amsata tsaf, ina jiran wata ta ɗaga murfi ta yi mini rashin kunya. Suka ci, suka lashe yatsu, suka yi ta sa wa hannuna albarka da Larabci. Duk falon nan babu ko mutum ɗaya da ya san akwai abin da ya kamata ya tambaya.