Raƙumin Aro

A kasuwar bisashe ta Dakoro wani dattijo yana tsaye gaban kamara, dogo, siriri, rawaninsa baƙi ya kai masa har hanci. Masu ɗaukar sinima sun karɓe masa telefon, sun ce makiyayin gaske suke nema. Raƙuminsa ramamme sun ɗaure can baya, sun ara masa wani amale fari mai sheƙi.

Ya riƙe akala da hannu ɗaya. Ɗaya hannun kuwa ya kife shi a wuyan amalen, daidai inda aka ƙona alamar gidan mai shi.

"Baba, ɗauke hannun, ka dubi nesa," in ji yarinyar da ke riƙe da kamarar.

"Ɗiyata, wannan ba nawa ba ne."

"Ba komi, Baba, sinima ce."

Wataƙila bakin rijiyarsu yake hangowa, inda hoton zai zagaya waya-waya. Mutanensa wuyan raƙumi suke fara dubawa kafin fuskar mutum. Ɗan kiwon haya za su kira shi, ko ɓarawo?

Ya dubi nesa, kamar yadda aka ce. Hannun dai bai ɗaga ba.