Amsoshin Iya Abeke

Shekara arba'in Iya Abeke ta yi tana rini a Abeokuta, har shuɗi ya zauna mata a farce. Da wannan sana'a ta raini 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta. Ciwon huhu ne ya kwantar da ita kwana goma sha tara a ɗakin kulawa ta musamman, na'ura na yi mata numfashi. Ta fito da ranta, amma ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, ko cokali ta riƙe sai ya suɓuce.

Babban ɗanta Durojaiye dattijo ne a cocinsu. Ya sa aka fitar da anko, aka yi taron godiya, ya miƙe ya ba da shaida cewa uwarsa ta warke sarai. Ita kuwa tana zaune inda aka ajiye ta tun kafin jama'a su iso.

Bayan wata uku, wata nas mai suna Ibironke ta zo gidan da takardar tambayoyi. Ta durƙusa ta gaida tsohuwa, ta yi bayani: wanda amsoshinsa suka nuna yana shan wuya, asibiti zai ba shi gurbi cikin masu sake koyon tafiya.

"Mama, kina iya wanka da kanki?"

Durojaiye ya riga uwarsa magana. "Ke 'yar nan, haka ake tambayar sa'ar kakarki a gidanku? Rubuta tana iyawa."

"Baba, ai ita za ta amsa."

"To ta amsa mana. Mama, gaban coci guda muka ce Ubangiji ya gama aikinsa. Yau za ki ce ya bar saura?"

Iya Abeke ta kalli ƙafafunta.

"Ina iyawa, 'yata."

"Tafiya fa?"

"Tafiya?" in ji matar Durojaiye tana dariya. "Jiya ma da ƙyar na kamo ta a hanyar kasuwa."

"Damuwa ko baƙin ciki, Mama?"

"Babu. Mun gode Allah."

Ibironke ta rubuta abin da ta ji, don doka ba ta ba ta ikon rubuta abin da ta gani ba. Sunaye suka fito babu na Iya Abeke.

Shekara biyu ta ƙara a duniya, a ɗakin baya, ƙofa a rufe. In 'yan coci suka zo gaishe ta, sai a ce musu yanzun nan ta fita.