Shafukan da Na Liƙe da Ƙaro

Ɗana na fari sunan mahaifina ya ci, don haka Babana nake ce masa. Tun yana ƙarami ba ya ganin tudu ya ƙyale. Katangar gidanmu na unguwar Bagadaza da mangwaron maƙwabta duk ta sama ya san su. Da ya girma sai abin ya koma duwatsu. Duk hutu shi da abokansa sai sun nufi wajen Kaltungo, ya dawo tafin hannu duk a ƙuje yana dariya. In na yi faɗa ya ce, "Mama, da kin ga duniya daga can sama, da kin bar faɗan nan."

Ba dutse ne ya kayar da shi ba. Mota ce ta buge babur ɗinsa a cikin gari, a shimfiɗaɗɗen titi. Bayan wata uku aka sallamo mana shi daga asibiti, daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. Ya juya wa ɗaki baya, ya fuskanci bango, magana sai "to" da "a'a". Tsorona ɗaya ne, kada zuciyar ta bi ƙafafun.

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, na shiga bayan na yaye autata. Hausa ina karantawa da yatsa a kan layi. Turanci kuwa baƙaƙen kawai na sani, ban san me suke cewa ba. Da ƙaramar Sallah ta matso na ce ba shadda zan saya masa ba, ina zai je da ita? Na hau keke Napep zuwa Tudun Wada, wurin wani dattijo mai baza tsofaffin littattafai a kan leda.

Na ce masa na hawan dutse nake nema. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya, ke za ki hau?"

"Ni da matakalar asibiti ma sai na huta sau biyu? Na ɗana ne."

Ya tona buhu ya fito da guda biyu. Na farko siriri ne, cike da zanen igiya da yadda ake ƙulla ta, ga hotunan duwatsu an ja musu jan layi daga ƙasa har sama. Ya ce wannan hanya yake nunawa, inda za a ɗora ƙafa da inda za a kama. Na ajiye shi a hankali. Na biyun mai kauri ne, a bangonsa wani mutum a kan farin dutse ya ɗaga hannu. Dattijon ya ce labarin rayuwar mutumin ne da bakinsa. Shi na ɗauka.

A gida, kafin in ba shi, na zauna bayan ɗaki na bi shi shafi shafi, kamar yadda nake tsince shinkafa. Can wajen ƙarshe na ci karo da hoto: mutumin nan na bango, a ɗaure kan wani abu kamar makara, ana zuro shi da igiya. A gaba kuma ga shi a gadon asibiti, ƙafafu a naɗe. Na ce wannan ai fama masa miki zan yi.

A ajinmu in littafi ya yage, ƙaro muke jiƙawa mu liƙe. Na jiƙa ƙaro a murfin kwano, na shafe shafukan nan shida tun daga sama har ƙasa, na haɗe su, na ɗora turmi a kai har suka bushe. A shafin farko na rubuta, "Barka da Sallah, daga Mamanka." Sai da na gwada sau uku a wata takarda.

Ranar Sallah ya karɓa, ya daɗe yana kallon rubutuna. Washegari na tarar ya juyo daga bango. Kwana huɗu yana karatu, har ya ci tuwo ba a roƙe shi ba. Ya fara kirana yana fassara mini, wai akwai dutsen da sanyinsa ke cinye yatsun mutum. Na ce, "To me ya kai su?" Ya yi dariya, ta farko tun hatsarin.

Rana ta biyar ya kira ni.

"Mama, wa ya yi wa littafin nan kaciya?"

Na matso, ya buɗe mini wurin da na liƙe.

"Mutumin yana tsakiyar faɗuwa, sai ga shi a gida yana shan shayi da matarsa. Ga shafi ya yi kauri kamar fatar ganga." Ya shinshina. "Ƙaro. Aikin 'yan ajinku ne wannan."

Na faɗa masa gaskiya. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce in miƙo masa reza. Ya bi bakin takardar a hankali, amma ƙaro ya riga ya kama. Duk inda ya buɗe, baƙaƙen wannan shafi sun bi wancan, sai fari da ɓaɓɓake-ɓaɓɓake. Ya ajiye rezar.

"Mama, duk littafin nan da masu ƙafa yake magana. Nan ne kaɗai ya yi magana da irina. So nake in ji yadda ya yi da kwanakin nan."

Na ce, "Ka yafe ni, Babana."

"Haba Mama. Ke da kika hau keke saboda ni."

Na koma wurin dattijon neman wani irinsa. Ya ce irin waɗannan a buhu suke zuwa, ba a zaɓa, amma zai sa ido. Na kwafi sunan littafin baƙi bayan baƙi na bar masa. Abokan ɗana suka ce za su duba a waya, sai dai shi ya hana, ya ce na hannun Mamansa yake jira. Ina jin don kada in ji kunya ne.

Bai sake komawa bango ba, wannan kam na gode wa Allah. Amma gyambon kwanciya ya ci ƙarfinsa, kafin wata Sallar ya rasu.

Littafin yana cikin akwatina, da rezar a inda ya tsaya. Har yanzu in hanya ta bi da ni Tudun Wada nakan rage tafiya a gaban ledar nan. Dattijon ba ya bari in tambaya, daga nesa yake girgiza kai. Ban faɗa masa ya daina nema ba.