Gishirin da Aka Jefa a Randa

Ban gama sakandare ba, amma na yi shekara da shekaru ina wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a Potiskum, aikin wucin-gadi. Wata rana malamar kimiyya ta ce baƙi za su zo daga ma'aikatar ilimi. In na haɗa abin nunawa da hannuna, za ta roƙa a tabbatar da ni a aiki.

Na zaɓi gishiri. Ka narka shi a ruwan ɗumi har ruwan ya ƙi karɓa, ka tace, ka ajiye ya fitar da 'yan ƙwayoyi. Ka tsinci mai kyan kusurwa, ka ɗaure da zare, ka rataya a sabon ruwan gishiri, ka rufe da takarda. Ba ya son gaggawa, ba ya son girgiza. Tireloli kuwa ba sa hutawa a titin Maiduguri, sai da na ɗora kwalbar a kan guntun katifa. Makonni ina lallaɓa ƙwayar nan kamar jinjiri, har ta kai kan babban yatsa, garau, kana hango zaren a cikinta.

Ranar zuwan baƙi na ciro ta, na shanya a tebur, na fita alwala. Na dawo, wayam.

A gindin randa na tarar da mai kula da sito.

"Malam, ina abin da ke kan tebur?"

"Wai alimun ɗin nan? Ruwan baƙi ne ya yi jajir, na jefa don ya kwanta."

"Gishiri ne!"

"To madalla, sai a kawo wake mu dafa."

Dariya har da riƙe ciki. Mutumin da kullum sai ya leƙo yana tambayata yaushe ɗan nawa na cikin kwalba zai yi haƙori! Ya sani sarai. Baƙi suka zo, suka kalli kwalba, suka wuce. Gurbin kuma ƙanen matar mai siton aka ba. Ni yanzu napep nake ja.

Bana mai siton ya samu kujerar Makka. Sai ga shi a ƙofar gidana a Dogo Tebo, kai duk furfura, yana sosa ƙeya.

"Ɗan'uwa, tafiya ta zo. Abin da ya wuce, a yafi juna."

"Wanne daga ciki?"

"Haba! A kan ɗan gishiri?"

"A kan tuwon 'ya'yana dai. Allah ya kai ka lafiya, Alhaji, ya dawo da kai lafiya. Amma ban yafe ba. Ka tafi da kayanka."

Na tada napep, fasinja na jirana a bakin titi.