Istimara Biyu a Gonar Doka

Akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba, ranar da na je wata gona a bayan garin Doka. Ku da kuka zo kwanan nan ba ku san labarin ba, bari in ba ku.

Aikinmu a ofishin kula da tsofaffin sojoji na Gadarif shi ne mu bi waɗanda suka ajiye kaki mu ga halin da suke ciki. Kowa da istimararsa, wato takardar tambayoyi: lafiyar jiki, barci, abinci, magani, da wanda ke kula da shi. Da abin da muka rubuto ake sanin wanda za a tura wa likita da wanda za a nema wa ƙafar roba. Da yaƙi ya ɓarke a 2023, fayiloli da yawa sun salwanta a Khartum, sai mudir, shugaban ofishinmu, ya ce mu sake ganin kowa ido da ido.

A jerin da aka ba ni akwai suna biyu a wuri ɗaya: Shawish Bukar da Arif Salihu. Shawish shi ne saje, arif kuwa kofur. Lokacin yankan dawa ne. Na hau bas zuwa Doka, daga nan wata lori ta sauke ni a bakin gonar da rana tsaka. Ma'aikata duk sun yi nisa cikin dawa, ba motsin kowa sai ƙarar kara in iska ta kaɗa.

Na tarar da dattijo dogo a ƙarƙashin rumfa yana gadin buhuna. Yana ganin takarda a hannuna ya miƙe ya ƙame.

"Shawish Bukar, hadir," in ji shi, kamar mai amsa kiran suna a fareti.

"Zauna, Baba. Duba lafiyarka kawai na zo yi."

Ya zuba mini jabana, wato gahawa, a finjali, ya zuba wa kansa, ya zuba na uku ya ajiye gefe. Amsoshinsa gajeru ne. Jiki lafiya, ci lafiya, barci alhamdu lillahi. Da na zo kan mai kula da shi, ya ce, "Salihu." Na ce ai shi ma ina nemansa.

"Yana ciki. Bari in turo maka shi, ya ustaz."

Ya shiga bukka. Ƙofarta ɗaya ce, ina kallonta. Can sai ga mutum ya fito da tsohuwar hular soja, yana jan ƙafar hagu, kafaɗa a sunkuye. Bukar ne, ba shakka, da tabon nan na haɓarsa. Amma ya yi mini sallama kamar bai taɓa ganina ba, kuma muryar siririya ce, ta saurayi, har da 'yar i'ina. 

"Ni ne S-Salihu. An ce kana nemana."

Na rasa abin yi, sai na buɗe istimara ta biyu. Na tambaye shi lafiyar jiki, ya ce ƙafar ba ta daina jini ba. Na tambayi barci, ya ce ba ya yi, yana jiran a dawo. Na tambayi abinci.

"Ba yunwa. Ƙishirwa ce." Ya ɗauki finjali na uku ya riƙe, bai sha ba. Sannan ya dube ni. "Ba a cire sunana ba, ko?"

Na ce ba a cire ba. Ya gyaɗa kai, ya ja ƙafa ya koma ciki. Ban jira fitowar kowa ba. Na tattara takarduna na bi hanya ina waiwaye, har na ci karo da wakilin gonar, wani Hajj Idris, a kan tarakta.

Da ya ga fuskata ya ce, "Ka gaisa da Salihu ke nan." Ya kashe inji ya ba ni labari. A yaƙin Kudancin Sudan aka harbi Salihu a ƙafa. Bukar ya goya shi kwana biyu a daji, sannan ya kwantar da shi a gindin wata bishiya ya tafi neman ruwa. Da ya dawo bai same shi ba. Ba gawa, ba sawu. Na ce to ma'aikatanmu na baya fa? Ya ce, "Sukan cika biyun su tafi. Ba mai son zama nan ya daɗe."

Washegari na ajiye takardun gaban mudir na faɗa masa komai. Ya ce doka a fili take: wanda ya ɓace a fagen daga, a jerin ɓatattu yake, sai a cire shi daga namu. Na ce, "Sayyid mudir, in muka cire shi da biro kawai, ban san abin da zai sami dattijon nan ba." Sai ya ba ni wa'adin wata guda.

Na fara da likita, ya yarda zai riƙa ganin Bukar. Sannan na shiga neman dangin Salihu. A wata makaranta da aka saukar da mutanen da suka gudo daga jihar Jazira na sami yayarsa, Hajja Rabi, tana sayar da shayi a bakin ƙofa. Na gaya mata gaskiya ban rage komai ba. Ta ce a kai ta.

Da muka isa, Bukar ya shiga bukka, mai hular ya fito. Ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Yaya Ta-Fau." Ta dafe ginshiƙin rumfa. Daga baya ta ce mini a garin Fau aka haife ta, kuma a gidansu, Salihu kaɗai ke kiranta haka. Wataƙila ya taɓa faɗa wa Bukar. Amma muryar, in ji ta, ba ta san yadda ake koyon murya ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Salihu, ka daɗe a rana. Bukar ya kawo ruwan, kai ne ba ka nan. Ba laifinsa. Ka ƙyale shi ya huta."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire hular ya miƙa mata, ya zauna a ƙasa, ya yi ta kuka da muryar tsoho. Ranar Juma'a Hajj Idris ya tara ma'aikata aka yi wa Salihu sallar gawa ba gawa.

Da na koma bayan wata biyu, Bukar ya ce barci yanzu yana samuwa. Na yi ƙarfin hali na tambayi Salihu. Ya ce, "Ya bi Hajja Rabi. Ni na raka su har bakin titi."

Abin da na koya shi ne, tsohon soja zai ce maka lafiya ko da wuta yake ci, ai haka aka horar da shi. Shi ya sa na roƙi mudir aka ƙara tambaya ɗaya a ƙarshen istimara: "Wa kake tunawa cikin abokan aikinka?" In kun zo kanta, ku ajiye biro. Kada ku duba agogo, kuma kome kuka ji, kada ku tashi ku gudu kamar yadda na yi.